Idan Ya Amsa Laifin Fashi da Makami, Alƙali Zai Yi Masa Sassauci?

Wata uwa ce ta aiko da tambaya. An kama ɗanta mai shekara 23 tare da abokansa biyu, ana zarginsu da tare wani mutum da dare suka ƙwace masa waya da ɗan kuɗin da ke aljihunsa. Wuƙa ɗaya aka samu, kuma ta ce a hannun abokin take, ɗanta bai riƙe komai ba. Yanzu wata bakwai ke nan yana gidan gyaran hali yana jiran shari'a. Ana ta ba su shawara cewa idan aka kai shi gaban alƙali ya amsa laifinsa kawai kada ya wahalar da kotu, za a tausaya masa a ba shi 'yan shekaru. Tana son ta san gaskiyar wannan magana.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya kawo mafita. Kada ya amsa komai a gaban kowa sai lauya ya ga takardar tuhumar da idonsa, ya san sashen dokar da aka rubuta a kanta. Masu ba ki wannan shawara wataƙila da kyakkyawar niyya suke yi, domin a ƙananan laifuka haka abin yake: ɓarawon akuya ya amsa, ya roƙi sassauci, alƙali ya ba shi wata shida ko zaɓin tara. Fashi da makami ba ya cikin wannan sahu.

Dokar da aka fi gurfanar da mutane da ita a kan wannan laifi ita ce dokar fashi da makamai ta musamman. Asalinta dokar soja ce ta 1970, wadda gwamnatin Janar Gowon ta kafa bayan yaƙin basasa, lokacin da bindigogi suka watsu a hannun jama'a. Da ita aka harbe ɗan fashin nan Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971. Gwamnatin Janar Buhari ta sake fito da ita a 1984, kuma har yau tana nan a kundin dokokin tarayya na 2004. Abin da ya canja a 1999 shi ne an ɗauke shari'ar daga kotunan musamman na zamanin soja an mayar da ita Babbar Kotun Jiha, aka kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Hukuncin kansa ba a taɓa shi ba.

Sashe na 1 ya raba fashi gida biyu. Wanda ya yi fashi ba makami, ɗauri ne da bai gaza shekara 21 ba. Wanda ya yi shi da bindiga ko wani makami, ko yana tare da wanda ke riƙe da makamin, ko ya ji wa wani rauni a lokacin fashin, hukuncinsa kisa ne. Ki lura da kalmar "yana tare da". Cewa wuƙar a hannun abokin take ba ta fitar da ɗanki, idan har aka tabbatar tare suka yi aikin. Mai gadi a bakin lungu da mai tuƙa babur ɗin da aka gudu a kai, doka kallo ɗaya take yi musu da mai wuƙar. Kuma makami a wurin wannan doka ba sai bindiga ba. Ta ambaci adda, wuƙa, mashi, kwari da baka, kulki, har guntun katako ko ƙarfe ko kwalba ko dutse da za a iya cutar da mutum da shi. Darajar abin da aka ƙwace ba ta shiga lissafi. Wayar dubu ashirin da motar miliyan ashirin duk sashe ɗaya ne. Kin tuna matashin nan na Jihar Osun da aka yi ta magana a kansa, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 2014 a shari'ar da kaji ne abin da aka ɗauka, bai fito ba sai da gwamnan jihar ya yi masa afuwa a ƙarshen 2024. Mutane sun yi ta cewa an yanke wa yaro kisa saboda kaza. A takarda fashi da makami aka rubuta, kuma alƙali abin da ke takarda yake bi.

To, abin da masu shawara ba su sani ba shi ne hukuncin kisan nan dole ne. Doka ba ta ce "har zuwa kisa" ba, ba ta ba alƙali zaɓi tsakanin kisa da ɗauri ba. Da zarar ya samu mutum da laifin fashi da makami, hannunsa a ɗaure yake. Za a ba mai laifi dama ya roƙi sassauci kamar yadda aka saba, lauyansa ya tashi ya ce yaro ne, wannan ne karo na farko, shi ke ciyar da mahaifiyarsa. Alƙali zai saurara, ya rubuta, wani ma ya ce ya tausaya, sannan ya karanta hukuncin rataya. Iyakar abin da zai iya shi ne ya rubuta shawara ga gwamna a duba yiwuwar afuwa. A Ingila akwai ƙa'idar da ke rage wa wanda ya amsa laifi da wuri har kashi ɗaya cikin uku na ɗaurinsa, kuma ina jin daga irin waɗannan labarai ne maganar ta shigo bakin mutane. Ko a ce muna da irinta a nan, ba a cire kashi ɗaya cikin uku daga kisa.

Saboda nauyin wannan hukunci ne doka ta hana alƙali karɓar amsa laifi a tuhumar da ke ɗauke da kisa. Tsohuwar dokar tafiyar da shari'a ta Arewa ta faɗi haka a sashe na 187, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, wato ACJA, ta 2015 ta maimaita a sashe na 274, jihohi kuma sun ɗauka a nasu dokokin, irin ta Kaduna ta 2017 da ta Kano ta 2019. A aikace ga yadda ake yi: magatakarda zai karanta tuhuma da Turanci, tafinta ya juya da Hausa, a tambayi wanda ake tuhuma ko ya gane, ya ce ya gane. A ce masa ya aikata ko bai aikata ba. Ko ya ɗaga murya ya ce "na aikata", alƙali zai rubuta cewa bai amsa ba, ya juya ga lauyan gwamnati ya ce ya kawo shaidunsa. Shari'a za ta gudana daga farko har ƙarshe. Ke nan amsawar ba ta gajarta masa zama, ba ta rage masa hukunci.

Shi ya sa ni abin da ya fi tayar min da hankali a tambayarki shi ne abin da ba ki faɗa ba: me ya ce a caji ofis, kuma a kan wace takarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa? Wannan ce amsa laifin da ke kai mutane ga igiya. Masu gabatar da ƙara abu uku ake nema su tabbatar, kamar yadda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa tun a shari'ar Bozin ta 1985: an yi fashi, fashin da makami aka yi, kuma wanda ke tsaye a akwatin nan yana cikin waɗanda suka yi. Na ukun ne ke ba su wahala, musamman fashin dare inda wanda aka tare bai ga fuska da kyau ba. Sau da yawa abin da ke cike musu wannan giɓi shi ne bayanin da wanda ake zargi ya bayar a hannun 'yan sanda. Kotu tana iya samun mutum da laifi a kan iƙirarinsa kaɗai, matuƙar ta gamsu da son ransa ya yi kuma maganar a fili take.

Lauya mai kula zai zauna da wannan takarda ya yi mata duban tsanaki. Da wane harshe aka yi tambayoyin? Yaro ya yi magana da Hausa, sai ga bayani shafi biyu da Turanci. Wa ya fassara? Idan da tafinta aka ɗauka, dole a kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba bayanin ya zama ji-ta-ji-ta. An ɗauki bidiyo? Akwai lauya ko jami'in hukumar ba da lauyoyi kyauta a wurin? Sashe na 15 da na 17 na ACJA sun yi tanadin waɗannan, kuma a hukunce-hukuncen 2023 da 2024 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba ado aka sa su ba, rashin bin su yana iya zubar da bayanin. Idan kuma duka ne ya sa ya sa hannu, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana karɓar irin wannan iƙirari, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Sai dai akwai lokacin faɗa. A daidai lokacin da lauyan gwamnati ya miƙa takardar ta hannun ɗan sanda mai bincike ake tashi a yi suka, kotu ta dakata ta yi ƙwarya-ƙwaryar shari'a a kan yadda aka samo bayanin. Wanda ya bari aka karɓa aka sa mata lamba, sai da ya shiga kare kansa bayan shekara guda ya ce ai dukansa aka yi, ya makara sosai. Don haka idan kin je ziyara, ki tambaye shi dalla-dalla, ki riƙe abin da ya gaya miki: ranar, ɗakin, su nawa ne, ko akwai tabo a jikinsa, ko an kai shi asibiti. Ki kai wa lauya. Abu ɗaya da zai ɗan kwantar miki da hankali: idan abokinsa ne ya ambace shi a nasa bayanin, wannan bai zama hujja a kan ɗanki ba sai idan shi ma ya amince da maganar.

Yanzu bari mu zo inda amsa laifi ke da amfani, domin akwai. Amfaninta yana zuwa ne bayan an canja tuhumar. Aiki ɗaya ana iya rubuta shi a ƙarƙashin sassa daban-daban, kuma kowane da nasa farashin. Yunƙurin fashi ba makami a dokar fashi da makamai shekara 14 zuwa 20 ne, da makami kuma ɗaurin rai da rai. A Final Kod ta 1960, dokar laifuka da hukunce-hukunce wadda jihohin Arewa suka gada, sashe na 298 ya sa wa fashi ɗauri har zuwa shekara 10, na dare a kan hanya har zuwa 14, na makami kuma ɗaurin rai da rai ko abin da ya gaza haka. "Ko abin da ya gaza haka" ɗin nan shi ne ƙofar da alƙali ke samun sarari ya duba shekarun yaro da halinsa da nadamarsa. Jihohi da dama sun yi wa nasu kundin gyara sun ƙara tsanani, saboda haka lauyanku zai duba wanda ke aiki a jiharku yau. Ƙasa da waɗannan akwai sata da ƙwace da karɓar kayan sata a Final Kod, masu hukunci mafi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda ke zaɓar sashen shi ne Ma'aikatar Shari'a ta jiha, ƙarƙashin kwamishinan shari'a. Wata bakwai ɗin da ɗanki ya yi, ina kyautata zaton kotun majistare ce ta aika shi ajiya. Majistare ba shi da hurumin yin shari'ar fashi da makami, ba ya kuma ba da beli a kanta. Belin laifin kisa sai alƙalin Babbar Kotu, shi ma sai da dalili na musamman kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin da ya wuce hankali. Abin da ake jira shi ne 'yan sanda su aika fayil ma'aikata, lauyan gwamnati ya karanta ya ba da shawara: a gurfanar da wane da wane a kan kaza, a saki wane don babu hujja a kansa. Wannan ne lokaci mafi muhimmanci a duk shari'ar, kuma shi ne lokacin da yawancin iyalai ke zaune a gida suna jiran ranar kotu. Fayil na iya yin shekara a kan tebur ba wanda ya tambaya. Lauya zai iya rubuta wa ma'aikata, ya bi fayil ɗin, ya nuna raunin hujja tun kafin a rubuta tuhuma. Gyara tuhumar da ba a riga an shigar ba ya fi sauƙi a kan roƙon a janye wadda ke gaban alƙali.

Hanyar da doka ta tanada ita ce yarjejeniyar amsa laifi, sashe na 270 na ACJA da takwarorinsa a dokokin jihohi. Mutane sun fi jin ta a shari'o'in EFCC, har ana ganin ta manyan ɓarayin biro ce, amma ba don su kaɗai aka rubuta ta ba. Lauyan wanda ake tuhuma da lauyan gwamnati suna zama, a yarda zai amsa ƙaramin laifi a janye babban, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ana jin ta bakin ɗan sanda mai bincike da wanda aka yi wa laifin, ana kuma iya sa biyan diyya ko mayar da kaya a ciki. Alƙali ba ya shiga cinikin. Idan aka kawo masa, zai tambayi wanda ake tuhuma ko da son ransa ya yarda. Idan ya ga hukuncin da aka daidaita ya yi kaɗan, zai faɗa, shi kuma wanda ake tuhuma yana da damar janye amsarsa a koma shari'a gaban wani alƙalin. Ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa gwamnati. Inda aka yi kisa ko mummunan rauni, ko hujja ta yi ƙarfi, da wuya su saurara, kuma jihohi sun bambanta wajen laifukan da suke yarda a yi wannan a kansu. Inda ba a ji wa kowa ciwo ba, an samo wayar, yaro ba shi da tarihin laifi, shaidu kuma sun fara gajiya da zuwa kotu, akwai abin tattaunawa. Duk alkawarin da ba a rubuce yake ba, daga bakin ɗan sanda ne ko wani mai cewa ya san alƙali, ki ɗauka ba a yi shi ba. Wanda ya ce ki kawo kuɗi a sauya takarda, ki riƙe kuɗinki ki biya lauya.

Na san za a ce miki ku je ku ba mai wayar haƙuri ku biya shi. Neman yafiya abu ne mai kyau, kuma yana da tasiri idan an zo yarjejeniya ko sassauci. Amma yafiyarsa ba ta kashe shari'ar, domin ƙarar ta gwamnati ce, shi shaida ne kawai. Kwamishinan shari'a kaɗai ke da ikon dakatar da ita, bisa sashe na 211 na tsarin mulki. Ku bi ta hannun lauya da dattawan unguwa, a fili, kada abin ya yi kama da sayen shaida ko tsorata shi, wanda shi ma laifi ne mai zaman kansa.

Wasu kuma za su ce a nemi a mayar da maganar kotun Musulunci. A fiƙihu wannan laifi shi ne hiraba, hukuncinsa yana aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kuma kundin shari'ar da Zamfara ta fara a 2000 da na jihohin da suka biyo ta sun ɗauke shi: kisa inda aka kashe rai, yanke hannu da ƙafa a saɓa inda aka ƙwaci dukiya. Tuban da aya ta 34 ta ce yana kawar da haddi shi ne wanda aka yi kafin a kama mutum. Iƙirari bayan kamu tabbatar da haddi yake yi, kodayake malamai sun yarda mai iƙirari a haddi yana iya janyewa. Ko ta can ɗin ma amsawa ba rangwame ba ce, kuma ba iyali ke zaɓar kotu ba.

Idan abin ya kai ga mafi muni, Allah ya kiyaye, hukuncin Babbar Kotu ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kwana 90 na shigar da ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can kuma kwana 30 zuwa Kotun Ƙoli. Ba a zartar da kisa alhali ƙara tana gaba. An taɓa yi a Jihar Oyo, aka kashe wani da aka samu da laifin fashi ƙararsa ba ta ƙare ba, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta taka doka. Bayan kotuna sai gwamna, wanda sai ya sa hannu ake zartarwa, kuma sashe na 212 ya ba shi ikon afuwa ko mayar da kisa ɗauri. Gwamnonin farar hula ba sa son sa hannun nan. Rataya ta baya-bayan nan da aka sani a birnin Benin na Jihar Edo aka yi, a 2013 da 2016, yayin da masu jiran kisa a gidajen gyaran hali sun haura 3,000. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara 10 ba a zartar ba. Kada wannan ya sa wani ya ce miki ai ba a kashewa. Wanda ya shiga ɗakin masu jiran kisa yana ɗan 23, ko an yi masa afuwa, ƙuruciyarsa a can ta ƙare.

Abu biyu kuma da suka shafi shekaru da lokaci. Wanda bai kai 18 ba a ranar da aka aikata laifin ba a yanke masa kisa. Ɗanki ya wuce nan, amma idan cikin abokan akwai ƙarami, iyayensa su nemo takardar haihuwa ko ta firamare tun yanzu, don 'yan sanda kan rubuta shekarun da suka ƙiyasta da ido. Sannan idan aka kai ga ɗauri, doka ta ce a lissafa zaman da aka yi ana jiran shari'a, lauya ya tuna wa kotu ta faɗi ranar da ɗaurin ya fara.

Batun kuɗin lauya, wanda na san shi ne ke hana mutane motsi: a tuhumar kisa ba a barin mutum ya kare kansa, kotu za ta ba shi lauya idan ba shi da shi. Amma wannan sai an kai Babbar Kotu, ke kuma tun yanzu kike bukata. Hukumar ba da lauyoyi kyauta, wato Legal Aid, tana da ofis a babban birnin kowace jiha, reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA yana da masu ɗaukar irin wannan kyauta, wasu tsangayoyin shari'a na jami'o'i ma suna zuwa gidajen gyaran hali. Ki tafi da lambar ƙarar, sunan kotun da ta aika shi ajiya, ranar da aka kama shi, da sunan ofishin 'yan sandan da ya yi bincike. Ki roƙi lauyan ya fara da gano inda fayil ɗin yake, a hannun 'yan sanda ko a ma'aikata, ya kuma je ya ga yaron shi kaɗai kafin ranar zama ta gaba.